Layi Biyu a Bayan Riga

Malam Shu'aibu ba ya tambayar mutum ko yana da wurin kwana. Ya ce tambayar banza ce, domin a Kaduna ko wanda ya kwana ƙarƙashin gadar Kawo ka tambaya, "Alhamdulillahi" zai ce maka, har ya ɗora da yi maka addu'a. Shi bayan riga yake dubawa. Wanda ba shi da ɗaki ba shi da dutsen guga, sai ya ninke rigarsa gida huɗu, ya sa ƙarƙashin tabarma ya kwanta a kai. Gari na wayewa riga ta miƙe sumul, sai dai da layi biyu da suka gitta juna a tsakiyar baya.

Ba a makaranta ya koyi wannan ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana masinja a wata ma'aikata a Doka, yana jigilar fayil, yana durƙusa wa duk mai kujerar da ke juyawa. Da ya yi ritaya aka karɓe ɗakinsa na kwatas a Malali. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a Gusau, shi kuwa ya rantse ba zai kwana gidan suruki ba. Shekara biyu ya yi a barandar masallatai, kuma duk wayar da 'yar ta bugo, sai ya ce mata yana gida, alhamdulillahi.

Yanzu shi ne jagoran masu tarbar baƙi a wata ƙungiya a Hayin Banki, mai gida da gadaje goma sha huɗu don waɗanda suka rasa muhalli. Mutum huɗu ne a ƙarƙashinsa, kowannensu ya taɓa kwana a waje. Doka ɗaya ya kafa musu. Baƙo in ya shigo, ba Alhaji, ba ranka ya daɗe, a miƙa masa shayi a zauna daidai da shi a tabarma. Dalilinsa shi ne, Nafisat, jami'ar da ke cike fom, ba ta da ikon ba da gado sai mutum ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da makwanci, wanda kuwa aka girmama ba zai iya faɗa ba.

Duk Alhamis da hantsi yakan ba sababbin zuwa labarinsa don bakinsu ya buɗe. A shekarar farko sai ya share hawaye kafin ya kai ƙarshe. Yanzu, a shekara ta shida, bakinsa na ba da labarin, zuciyarsa na can tana tunanin ko sukari zai kai Asabar. Ya daina jin komai, kuma bai ɓoye wa kansa ba.

Wata Alhamis a tsakiyar damina gado ɗaya ne ya rage. Sadiq, tsohon direba da ke cikin mutanensa huɗu, ya yi mako uku yana lallaɓa wani dattijo da ke kwana a barandar wani masallaci a Doka, inda ruwa ke feso masa. Ran nan ya samu ya kawo shi.

Bayan rigar mutumin Shu'aibu ya fara gani, lokacin da ya sunkuya zai cire takalmi. Farar shadda ce tsohuwa, ga layin nan biyu raɗau. Sai mutumin ya juyo. Alhaji Isiyaku ne, daraktan da Shu'aibu ya yi shekara goma sha ɗaya yana riƙe masa jaka.

Kafin Shu'aibu ya ankara gwiwarsa ta kai ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Darakta! Allah Ya ƙara girma."

Mutum tara ne a tabarma, kowa da kofi a hannu, duk suka ɗago kai. Sadiq ya kau da fuska. Dattijon ya ɗan tsaya, sannan ya gyara zaman hularsa, kafaɗunsa suka miƙe kamar da.

"Shu'aibu, ashe nan kake? Tashi, tashi. Ya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Nafisat ba ta san komai ba, ta matso da fom ɗinta.

"Baba, sannu da zuwa. Kana da wurin kwana?"

"Alhamdulillahi, 'yata," in ji shi. "Labarin aikinku na ji, na ce bari in leƙo in sa albarka."

Ya kuwa sa albarkar, doguwa, kowa ya shafa. Har ɗakin kwana ya leƙa, ya dubi gadon nan da sabon zanensa, ya danna katifar da tafin hannu ya ce mai kyau ce. Shu'aibu ya raka shi bakin titi yana tafe a bayansa, taku biyu tsakani, yana kallon layin nan. Ana yayyafi. Ya nemi wani abu a ransa, ko kunya ko tausayi, bai samu ba.

Ya roƙi Nafisat ta riƙe gadon zuwa Juma'a. Washegari da safe ya hau keken haya ya tafi Doka shi kaɗai, ya shirya abin da zai faɗa, ya kuma yi niyyar zama a ƙasa daidai da mutumin ko da gwiwar za ta karye. Ya tarar da baranda a share, ba tabarma, ba buta. Ladanin masallacin na ta tsane ruwa da tsumma.

"Dattijon nan mai farar shadda fa?"

"Ya kwashe kayansa tun jiya da la'asar, bai ce ga inda ya nufa ba." Ladan ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ne masinjan?"

"Ni ne."

"To, ya bar maka saƙo. Ya ce in ka zo a gaya maka yana gida, alhamdulillahi."

"Madalla," in ji Shu'aibu.

Da azahar aka ba wani gadon. Shu'aibu bai hau keke ba, a ƙasa ya komo Hayin Banki, yana bin bayan rigar duk dattijon da ya wuce shi da kallo.