Zaren da Aka Yanke

Jiya maƙwabciyata ta kawo mini tsohon ɗan kunne in duba mata, sai na ga na kai shi hanci. Nan take gwaggona ta faɗo mini a rai. Dillaliyar kayan ado ce, ba ta yarda da zinari sai ta shinshina shi. Takan ce tagulla ce ke ƙarni, zinari ba shi da wari.

Wata ranar kasuwa muna zaure, wani mutum ya sauka daga babur, wai daga Randagi yake. Ya kwance ƙulli, ya miƙo mata layar zinari irin ta mutanen da.

"Iya, gadon uwata ne. Ko nawa kika bayar."

Ta goga ta a baƙin dutsenta na gwajin zinari, ta jinjina nauyinta, ta shinshina. Sannan ta daɗe tana jujjuya zaren da ke jikin layar.

"Zinari ne na gaske. Ɗauki abinka."

Ya yi ta magiya, ko kallonsa ba ta ƙara yi ba. Da ya tafi na ce, "Gwaggo, kin bar wannan garaɓasa?"

"Ke ba ki da hanci? Zaren man kitso yake ƙamshi, ba zaman akwati ba. Kuma mai gado kwancewa yake yi. Wannan da wuƙa aka yanke shi a wuyan wata."

Washegari muka ji 'yan fashi sun tare wasu mata a hanyar daji.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo, ya ba mu hancin da zai jiyo haram tun ba mu taya ba.