Malam Hamisu Kala Suru, Mai Lallashin Bulon

Ƙarfe bakwai na safe, duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Lazaret zai tarar da shi durƙushe gaban rumfar kwano, yana jera kile-kilensa, wato sifanoninsa, bisa tsohon buhu, daga ƙarami zuwa babba. Sai ya goge kowanne da tsumma, ya yi bisimilla, sannan ya ɗaga kai ya amsa gaisuwa. Shekara talatin da takwas ke nan Malam Hamisu yana haka. Daga Damagaram ya zo Yamai yana saurayi, ya koyi gyaran mota, ya tsaya kan abu guda: firen, wato birki. Maƙwabtansa Zabarmawa suka laƙaba masa Kala Suru, sai haƙuri ke nan da harshensu, don amsar da yake ba duk direban da ya zo yana duban agogo ke nan.

Ƙarshen watan nan zai aje aiki. Ido ya yi rauni, hannu ya soma rawa. Gara a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Wanda bai taɓa leƙa bayan tayar mota ba, ga abin da ke wurin. Akwai wani ƙarfe mai kama da muƙamuƙi, masu gyara na ce masa etiriye. Shi ke damƙe faifan ƙafa idan an taka firen. Bulon biyu, wato kusoshi masu zare da ake ɗaurewa da kile, ke riƙe da shi. Idan ruwa da laka suka shiga, tsatsa ta kama su, sai su zama kamar an haife su tare da motar. Mai gaggawa yakan zura bututu a kile, ya hau da ƙafa. Bulon ya karye a ciki, aikin awa ɗaya ya koma na mako uku.

Malam Hamisu bai taɓa hawa kile ba, in ji mutanen garaji. A ƙofar rumfarsa akwai manyan gwangwanayen tumatir guda huɗu, cike da bulon da ya fidda lafiya lau. Sama da su kuma, rataye da waya, akwai rabin bulon guda da ƙusa mai tsatsa. An daɗe ba a san labarinsu ba, sai ranar da Madam Halimatou ta zo.

Salim, direban tasi da ke yini a garajin, shi ya ba ni labarin, kuma bai ɓoye nasa laifin ba.

Bara ne, bayan damina. Halimatou malamar lekol ce, wato makarantar boko, a unguwar Wadata. Ta shigo da tsohuwar motarta wajen hantsi, ƙafar gaba ta dama na kuka tana hayaƙi. A kujerar baya mahaifinta ne kwance, Baba Oumarou, tsoho ya rame sai idanu. Likitoci sun sallame shi, sun ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Shi kuwa abu ɗaya ya roƙa: a mai da shi Madawa, ya cika a ɗakinsa, a rufe shi kusa da iyayensa. Ba ya iya zaman motar haya. Wannan motar ce kaɗai, ita kuma ta yi kwana tara cikin ruwan ambaliya kafin a jawo ta.

Aka ɗauke tsohon aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar bishiyar dogon yaro. Malam Hamisu ya ɗaga motar, ya cire taya, ya leƙa. Etiriye ya maƙale da faifai, dole a sauke shi. Bulon ɗin sama ya fito ba gardama. Na ƙasa kuwa, wani mai gyaran bakin hanya ya riga ya taɓa shi da safen nan, ya cinye masa kai har ya zama mulmulalle, kile ba ta da inda za ta kama. Idan ya karye a ciki, sai a sauya ƙarfen da yake ciki gaba ɗaya, irinsa kuwa sai an aiko daga Lome.

Halimatou ta tambaya minti nawa. Ya ce kala suru.

Nan Salim ya tsoma baki da dabarar da kowane tsohon direba ya sani. A ɗan ɓamɓare muƙamuƙin ya saki faifai, a toshe tiyon man wannan ƙafa da ƙusa, mota ta tafi da firen uku. Ya rantse ya je Dosso haka ya dawo. Minti goma, in ji shi, Madam ta kama hanya.

Halimatou ta ce a yi haka. Malam Hamisu ya ce ba a rumfarsa ba.

Ta roƙe shi. Ta haɗa shi da Allah. Da ta ga bai motsa ba sai murya ta tashi, ta ce idan mahaifinta ya cika a kan tabarmar garaji, tsakanin tayoyi da baƙin mai, alhakin yana wuyansa har gaban Ubangiji. Malam Hamisu ya miƙe, ya ciro wayar nan da ke rataye, ya ɗora mata rabin bulon da ƙusa a tafin hannu.

"'Yata, na taɓa yi. Shekarata ta biyu a nan. Na karya wannan, na toshe da wannan. Mai motar yana nan da rai a Katako, da sanda yake tafiya. Duk Juma'a nakan je in gaishe shi."

Sai ga murya siririya daga tabarma. Ashe tsohon yana ji.

"Halima, bar bawan Allah ya yi aikinsa. Gida na ce ki kai ni, ban ce rami ba."

Har ita sai da ta yi dariya cikin hawaye. Ta koma ta zauna tana yi wa mahaifinta fifita.

Salim ya ce bai taɓa ganin aiki mai cin rai irin wannan ba. Malam Hamisu ya kankare tsatsar da buroshin waya. Ya ɗiga mai, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, kas, kas, kas, kamar mai sallama a gidan surukai. Ya koma gefe ya zauna. Ya sake ɗigawa, ya sake ƙwanƙwasawa. Aka kira azahar, ya tafi ya dawo. Sannan ya liƙa sabon kai bisa mulmulallen da walda, ya naɗe tiyon roba da jiƙaƙƙen tsumma, ya gasa ƙarfen da ke kewaye da bulon, ba bulon ɗin kansa ba. Duk wannan lokaci numfashin tsohon yana hawa yana sauka, Halimatou na duban rana tana duban hannun mai gyara.

Da ya sa kile, sai ya juya ta wajen ɗaurewa. Halimatou ta miƙe tsaye, ta ce Malam ai ƙara ɗaure shi kake. Ya ce haka ne, wanda ya yi fushi, sai ka fara bin ra'ayinsa kafin ya bi naka. Ya ɗaure kamar faɗin gashi. Ya dawo baya. Ya ɗaure. Ya dawo. Ana cikin kiran la'asar sai aka ji ƙas. Salim ya dafe kai, ya ɗauka ya karye. Malam Hamisu ya ci gaba da juyawa da yatsu biyu, har bulon ya faɗo tafinsa, ja wur da tsatsa, cikakke.

Ya gyara, ya ɗaure da sabon bulon, ya zaga unguwa da motar da kansa kamar yadda ya saba. Sannan ya ƙara mata wani haƙurin: kada ta kama hanya da yamma, ta bari sai an sallame asuba.

Washegari, gaba da Dogondutsi kaɗan, amalanken jaki ya faɗo kan kwalta daga bayan wata babbar mota, da mata biyu a kai. Halimatou ta taka firen da dukan ƙarfinta. Motar ta tsaya a miƙe, ba ta ja hagu ba, ba ta ja dama ba. Tsohon ya buɗe ido ya tambaya ko an iso.

Sun iso. Baba Oumarou ya yi kwana goma sha tara a ɗakinsa, ya sha furar gidansu, ya yi sallama da ƙannensa, an rufe shi inda ya roƙa.

Malam Hamisu, kai ne wanda aka zaga da hantsi aka gode wa da la'asar, ba ka riƙe zagin ba, godiyar ma ba ka tsaya saurare ba. Kai ne ka rataye kuskurenka a ƙofa, inda wasu ke rataye takardar yabo. Na Damagaram, mai guduma ƙarama. Dubban mutane sun taka firen a titunan Yamai sun tsaya lafiya, ba su san sunanka ba. Mun gode. Allah ya huta da gajiya, ya ƙara wa ido haske, ya sa ƙarshe ya yi kyau.

Masu gyara na Wadata da Katako da Lazaret, ku je ku zauna kusa da shi kafin wata ya ƙare. Mu masu mota kuma mu rage duban agogo a kan wanda ke riƙe da ranmu.

Makon jiya Halimatou ta je yi masa ban kwana. Ta ce a ba ta bulon ɗinta ta aje. Ya zazzage gwangwani na huɗu, ya lalubo shi da yatsa, don kan waldar nan ya bambanta shi. Salim kuwa ya nemi a bar masa rabin bulon da ƙusa, ya rataya a madubin tasinsa. Malam Hamisu ya girgiza kai.

"Wannan nawa ne. Da shi zan tafi gida."