Datti da Koramar Azbin

Datti mutumin Madadi ne, haƙar rijiya ce sana'arsa tun tasowarsa. Da injin burtsatse ya karaɗe garuruwan Gwarzo da Kabo, aiki ya yi ƙaranci, sai shi da amininsa Hammadu suka bi motar albasa zuwa Azbin, can cikin duwatsun arewacin Agadas, inda suka ji masu lambu na neman mahaƙa.

Ƙasar ta ba shi mamaki. Duwatsu baƙaƙe ƙirin, ba ciyawa, ga sanyin safiya mai ratsa ƙashi. Koramun can kuwa yashi ne zalla. Mutum sai ya yini yana tafiya a tsakiyar kogi ƙafarsa ba ta jiƙe ba, don ruwan yana can ƙarƙashi. A gefen irin waɗannan koramu suke haƙa, ɗaya a rami, ɗaya a sama yana jan ƙasa.

Ranar da abin ya faru, sama garau take a kansu. Ashe an tafka ruwa bisa wani dutse mai nisa. Datti ya ji rugugi, ya waiga, sai ga jan ruwa tafe da itatuwa. Hammadu ne a cikin rami. Datti ya ja igiya har tafin hannunsa ya sale, amma ruwan ya riga shi. Washegari koramar ta koma yashi, ko bakin rijiyar ba a gane ba.

Ya daɗe a can yana tona nan da can, bai samu komai ba. Daga baya ya dawo gida.

A majalisa, labarin zinariyar da ake haƙa a can samari ke tambayarsa. Da ya soma zancen koramu sai su zame ɗaya bayan ɗaya. Uwaliya ce kaɗai, matar marigayi Hammadu, ta aika aka kira shi zaure.

"Malam Datti, wurin da yake kwance akwai inuwa?"

"Akwai goruba da bagaruwa a gefe," in ji shi. "Da rana mata kan kawo awaki su huta."

Ta sa ya faɗa mata kamannin duwatsun, da ta inda rana ke faɗuwa. Yana ta ba ta labari har aka kira la'asar. Ba ta yi kuka ba, godiya kawai ta yi masa.

Bara Uwaliya ta yi aure aka kai ta garin Kara. Shi kuwa Datti gadin gonar rani yake yi yanzu a bakin dam ɗin Guzuguzu, shi kaɗai a bukka, ba ya shiga gari sai ranar Juma'a.