Autanmu da tankar ruwa rabin ciki

Kai jama'a, ku rage rediyon nan ku ji abin da Autanmu ya yi! Inna, ajiye wankin nan ki matso. Ni Yayarsa firamare ma da ƙyar na ƙarasa, amma labarin nan ba wanda zai ba da shi sai ni.

Auta tun yana ƙarami ba ya ganin abu mai taya ya wuce shi. Keken maƙwabcinmu ya fara sata yana koyo, gwiwoyinsa har yau da tabo. Daga nan babur, daga babur keke mai ƙafa uku, sai tasi, sai bas. Shekara shida yana jan bas ko madubi bai taɓa fasawa ba. Shi ya sa bara da kamfanin jigilar ruwa suka ce suna neman direbobin tanka, ya tafi jarrabawa yana fito.

Jarrabawar kuwa ba wani abu ba ce a ido. Fili ne mai ɗan gangare, an ja farin layi a ƙarshe, bayan layin an jera durom uku. Ka taho ka tsaya a kan layi, kar ka taɓa durom. Amma tankar rabi suke cika ta da gangan. Auta ya taka birki daidai kan layi kamar yadda ya saba da bas, ya ɗaga ƙafa yana murmushi. Sai ruwan ya taho daga baya ya daki gaban tankin, dum! Mota ta yi tsalle, duroma suka watse.

Sau biyu kawai kamfanin ke bari mutum ya gwada. Auta ya ajiye makullin bas don ya koya sosai, mai bas kuma ko kwana biyu bai yi ba ya miƙa wa wani. Ga matarsa da tsohon ciki. In ya sake faɗuwa, ba tsuntsu ba tarko.

Wata uku yana bin Baba Direba, wani tsoho mai tsohuwar tanka a bayan tasha. Kullum maganar tsohon ɗaya ce: "Kai ka tsaya, ruwa bai san ka tsaya ba. Jira shi." A gida kuma Auta ya ɗauke mini bahon wanki, ya zuba ruwa rabi, ya yi ta zagaya tsakar gida da shi yana tsayawa cak, yana jiƙa wandonsa. Na ce, "Auta, direba za ka zama ko agwagwa?" Ko dariya bai yi ba.

Ranar jarrabawa ta biyu su tara ne. Na gabansa, wani ƙato mai gemu, ya kwashe duroman gaba ɗaya, ɗaya har ya gangara bakin ƙofa. Duk a kan idon Auta.

Ya hau. Mai jarrabawa ya zauna gefensa da fayil a cinya, mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Auta ya sa giya. Tun daga nesa ya fara lallaɓa birki.

"Layin yana can, ba nan ba," in ji mai jarrabawa. "Ko jana'iza muke raka wa?"

Auta ya ci gaba da lallaɓa birkinsa. Yana jin ruwan a bayansa yana ja da baya kamar rago zai yi karo. Hancin mota ya iso layi, ya tsaya. Durom ɗin tsakiya ma ya daina ganinsa, ya shige ƙarƙashin gilashi.

"To, sauka," in ji mutumin.

Dum! Ruwan ya daki gaba, motar ta girgiza har fayil ya zame. Auta ya ƙara danne birki. Ya ja na hannu, amma ya ji shi sako-sako, ba abin da za a bar wa tanka a gangare ba ne.

"Na ce ka sauka! Mutane na jira a rana."

"Ranka ya daɗe, ruwan bai tsaya ba tukuna."

"Kai za ka koya mini aikina? Ni nake rubuta sakamako ko kai?"

Nan fa Auta ya shiga tsaka mai wuya. In ya ɗaga ƙafa, mota za ta iya zabura kan duroma. In ya ƙi, ga mai alƙalami ya fusata. Ya sa hannu ya danne gwiwar ƙafar da ke kan birki.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ko korata za ka yi, bari ya kwanta."

Dum, na biyu, ya fi sauƙi. Na uku kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Sai shiru. Ya kashe mota a cikin giya, ya saki birki a hankali kamar mai ajiye jariri. Ba ta motsa ba.

Mai jarrabawa ya yi rubutu, ya diro, ya buga ƙofa. "Wanda ya ci za a kira shi." Ko kallon Auta bai yi ba.

Kwana huɗu Auta ba ya iya cin abinci. Ya zauna a shagon ɗinkina ya sa waya a gaba, yana cewa, "Yaya, na yi wa mutumin gardama a gaban jama'a. Shi ke nan." Inna ta kira sau ɗaya tana tambayar labari, ya kusa yi mata kuka don ta tare layi.

Ɗazu da hantsi waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ni na danna na sa a lasifika.

"Ina mai taurin kan nan?"

"Ga ni, ranka ya daɗe."

"Mutum uku suka tsaya a layi ranar. Biyu na ce su sauka suka sauka, ka ji abin da ya sami duromana. Litinin ƙarfe bakwai, ka zo da hoto biyu. In ka makara minti ɗaya, kar ka ce mini ruwa ka tsaya jira."