Busasshe ko Jiƙaƙƙe

Sau ɗaya tak mahaifina ya taɓa roƙona wani abu tun da na zo Riyad. A saƙon murya ya yi shi, bayan ya gama tambayar lafiyata da ta abokan zamana. Ya ce, “Idan ka ga akodiyon a garin nan naku, ka duba mini. Amma muzet nake so. Ka ji ko? Muzet.”

A lokacin wata huɗu ke nan da ya yi ɗan shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, yana takawa, sai dai hannunsa na hagu ya yi nauyi, kuma likita ya gaya wa yayata cewa ba lallai ƙarfin da ya rage ya daɗe ba. Hannun hagu shi ke jan zugazugin akodiyon, abin kiɗan nan da ake ratayawa a ƙirji. Wannan ko ni na sani.

Baba malamin firamare ne a Damagaram har ya yi ritaya. Yana da akodiyon ja da ya gada a wurin wani tsohon shugaban makaranta, da shi yake yi wa yara kiɗa ranar bikin ƙarshen shekara. Inna tana kiransa zugazugin maƙera. Ina ɗan shekara tara na buɗe akwatinsa don in taɓa maɓallan, na manta ban rufe ba, muka tafi ƙauye kwana uku. Damina ce, kuma rufin ɗakin yana yoyo daidai wurin. Da muka dawo Baba ya shanya shi a inuwa har mako guda, sannan ya rataya ya ja. Wani gurnani ya fito, yana kakkarwa kamar tsoho mai tari. Bai dake ni ba, bai ma tambayi wanda ya buɗe ba. Ya mayar da shi akwati, bai ƙara yin kiɗa ba.

Na zo Riyad karatun Larabci, na gama, na samu aikin fassarar takardu a wani ƙaramin ofis. Aikina ke nan, kalma. Na kan duba ƙamus sau uku kafin in rubuta wadda na riga na sani. Shi ya sa har yanzu ban gane yadda na yi da wannan ba.

Na ɗauka muzet sunan kamfani ne. Na rubuta shi a waya yadda kunnena ya ji, da boko da kuma haruffan Larabci, ban samu komai ba. Na shiga shago biyu na kayan kiɗa ina waige-waige, don ba na son wani daga cikin waɗanda muka yi karatu tare ya gan ni. A na farko aka ce ba su taɓa jin wannan kamfanin ba. A na biyu mai shagon ya maimaita kalmar ga abokinsa, suka yi dariya, ya ce ko mauz nake nufi, wato ayaba, in ita ce kasuwar kayan marmari na gaba. Daga nan na daina faɗinta. Ya kamata in kira Baba in ce ban gane ba. Ina jin kunya ce ta hana, ko kuma ba na son ya ji cewa mai digirin harshe ya kasa kalma ɗaya. Ban tabbata ba.

Wani direba ɗan Maradi ne ya kwatanta mini wani tsoho ɗan Sudan a unguwar Gubaira, mai gyaran kayan kiɗa, tsakanin shagon walda da na masu ɗinkin kujerun mota. Na je ranar Asabar bayan la'asar. Kafin in je na karanta abin da na samu, na gane cewa akwai akodiyon da ake sauya wa sauti don ya ba da ’yan tsakankanin muryoyin da waƙar Larabawa ke bukata, akwai kuma wanda aka bari yadda Turawa suka ƙera shi. Saboda haka da tsohon ya ce, “Sharƙi ko garbi, ya ustaz?” nan take na ce garbi, wato na Turawa. Ya gyaɗa kai, na ji daɗi kamar na ci jarrabawa.

Ya sauko da wani akodiyon baƙi, tsoho amma mai tsabta. Ya rataya, ya danna maɓalli ɗaya ya ja a hankali. Muryar ta fito tana kakkarwa. Ban ji komai ba sai wancan ɗakin da wancan gurnanin.

Na ce, “Hajji, me ya sa yake rawa haka?”

Ya ce, “Ai mablul ne. Kai nashif kake so, ko mablul?”

Busasshe ko jiƙaƙƙe. Wa zai tambaye ni wannan, ni da na jiƙa na farko? Na ce, “Nashif. Don Allah nashif sosai.”

Ya kalle ni ta saman tabarau. “Bawan Allah, ka tabbata? Wannan haka aka haife shi. Kai ne za ka buga?”

“Mahaifina ne.”

“To ka tambaye shi mana. Ga waya a hannunka.”

Na ce na san abin da yake so. Ni da ba na iya cewa gobe Lahadi ba tare da na ƙara da “ina jin” ba, ranar ce na tabbata. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce in dawo bayan kwana goma.

Da na koma, muryar ta miƙe sumul, ba ko ɗigon rawa. Na naɗe akwatin da bargo, na sa a leda biyu, na kai wa wani ɗan garinmu da zai koma gida a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Sau huɗu na gaya masa kada ya bari ruwa ya taɓa shi, har ya ce, “Malam, jirgi zan hau, ba kwalekwale ba.”

Bayan mako guda yayata ta kira ni ta bidiyo. Baba na zaune a kujera a tsakar gida da farar riga, an taya shi rataya maɗaurin. Inna na gefe tana cewa maƙera sun dawo, a kawo ƙarfe. Ya yi dariya. Ya danna maɓalli ɗaya, ya ja. Na ga yadda hannun hagun ke wahala. Ya riƙe muryar ya daɗe, kansa a karkace, kamar mai jiran wani ya shigo. Ya sake danna wani. Sannan ya rufe zugazugin a hankali.

Ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Yana da kyau ƙwarai.”

Na ce, “Baba, akwai matsala ne?”

“Babu. Sai dai wa ya shanya shi haka?”

Washegari na koma Gubaira, na faɗi kalmar da na ɓoye. Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa. “Muzet? Ai shi ne mablul! Shi ne wanda na nuna maka tun farko!” Ya buɗe cikin wani ya nuna mini. Kowane maɓalli yana da ’yan harsunan ƙarfe biyu. In an daidaita su cif, murya ta fito a miƙe, shi ne busasshe. In an ɗaga ɗaya kaɗan sama da ɗan’uwansa, sai su riƙa gogayya, muryar ta yi rawa, shi ne jiƙaƙƙe, kuma Faransawa suke kiran mai yawan rawar muzet. Babu ruwa ko ɗigo a maganar. Kwana goman nan ya yi su ne yana goge harsunan da magagari ɗaya bayan ɗaya, yana cire abin da mahaifina ya roƙa.

Na tambaya ko zai gyaru. Ya ce zai iya gwadawa, ko da yake ƙarfen da aka goge ba ya son a sake taɓa shi, amma sai an dawo masa da shi. Na bincika, ban samu mai wannan aikin a Damagaram ba. Wataƙila akwai, ni ne ban iya nema ba. Na fara neman mai zuwa da zai ɗauko shi, da wani mai komawa da zai mayar. Na lissafa, zai ɗauki wata uku ko fiye. Na gaya wa Baba duka, har da akwatin da na bari a buɗe ina ɗan shekara tara.

Ya ce, “Na sani tun ranar. Bar shi nan, kada a wahalar da mutane. Ina ɗan taɓa shi haka.”

Yayata ta ce sau biyu ya ƙara taɓa shi. Kafin wata ukun su cika, hannun ya daina ɗaga ko kofin shayi. Har yanzu muna magana kowace Juma’a, yana tambayar aiki da iƙamata, wato takardar zamana a nan, bai ƙara ambaton kiɗa ba. Akodiyon ɗin na bisa kabad a ɗakin Inna. Inna ta ce in kwantar da hankalina, ta ƙara masa leda ta uku, ruwa ba zai taɓa shi ba.