Munzali Mai Wuta a Kan Rufin Sulay

A unguwar Sulay, can kudu maso gabashin Riyadh ta ƙasar Saudiyya, inda manyan ɗakunan ajiyar kaya suka jeru har ido ya gaji, in ka ce kana neman Munzali sai a tambaye ka wanne. In ka ce mai wuta, sai a nuna maka sama, domin kusan kullum yana kan wani rufi yana ɗaura farantan sola. Dogo ne siriri mai saurin baki. In zance ya yi masa daɗi hannuwansa ba sa zama wuri ɗaya, shi ya sa abokan aikinsa ba sa yarda su yi hira da shi yana riƙe da sukuddireba.

Mutumin Gangaren Tsamiya ne, wani gari na manoman shinkafa a arewacin Najeriya. Yana yaro aka kafa falwayoyi aka ja waya har tsakiyar kasuwar garin, wuta ta zo aka yi ta murna. Ba a jima ba wata iskar damina ta kayar da layin a daji, taransifoma kuma ta ƙone, shi ke nan ba a sake gyarawa ba. Falwayoyin suka ci gaba da tsayuwa, tsuntsaye na hutawa a kan waya. Munzali ya tashi da son aikin, ya yi makarantar koyon sana'a, ya dawo ya zama mai gyaran janareto na garin gaba ɗaya.

Wata shekara gwamnatin jiharsu ta shirya kafa ƙananan tashoshin sola a garuruwan da ke da injinan casar shinkafa, Gangaren Tsamiya kuma tana cikin waɗanda ake dubawa. Sai dai akwai sharaɗi. A lokacin tsarin mulkin ƙasa ya ba jiha damar harkar lantarki ne kawai a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba. Kafin masu dubawa su iso, wasu manyan gari suka kira Munzali zaure.

"Kai ne mai wuta, kai za su tambaya," in ji ɗaya daga cikinsu. "Ka ce waya ba ta taɓa zuwa garin nan ba. Falwayoyin kuma ka bar mu da su, kafin ranar babu wanda zai ga ko ɗaya."

Munzali ya sunkuyar da kai. "Baba, ina son wutar nan fiye da kowa. Amma in aka tambaye ni, abin da na sani zan faɗa."

Haka kuwa aka yi. Aka tambaye shi, ya ce layi ya zo, ya yi aiki na ɗan lokaci, ya mutu. Ya roƙe su su dubi halin da ake ciki, ai wayar da ba wuta a cikinta igiya ce kawai. Lauyoyin jiha suka duba suka ce a fahimtarsu garin yana cikin hurumin tarayya, hannunsu ba zai kai ba. Aka kai tashar wani ƙauye. Daga ranar wasu suka daina amsa gaisuwarsa, masu janareto suka koma kai gyara garin maƙwabta, samari suka laƙaba masa suna Munzali Duhu. Da zaman ya gagara, ya samu bizar aiki a wani kamfanin lantarki, ya bar matarsa Raliya, malamar firamare, da 'yarsu Hajar tana goye, ya hau jirgi zuwa Riyadh.

A nan ya ga abin da ya ɗauke masa hankali. Rufin ɗakin ajiya guda ɗaya, in aka shimfiɗe shi da faranti, zai iya juya duk injinan casa na garinsu har a samu ragowa. Ya koyi aikin da zafinsa. Ya koyi larabcin bakin aiki, yalla da halas da shuwayya-shuwayya, wato mu je da an gama da sannu-sannu, ya iya karanta zanen injiniya, har mudir, wato shugaban wurin, ya riƙa damƙa masa sabbin ma'aikata. A ɗaki kuwa gadonsa na kusa da na Issoufou, wani ɗan Damagaram mai tuƙa motar ɗaga kaya, mutum mai sanyin hali wanda Allah ya jarabce shi da sauraron Munzali shekara da shekaru.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, sukan tafi Al-Oud, wani ɗan gidan abinci da ake samun tuwon shinkafa da miyar kuka. A can suka saba da Shakir, ɗalibin fiƙihu a jami'a, wanda ya fara karatun lauya a gida kafin ya samu gurbin karatu a nan. Wata Juma'a a shekarar 2023, ana dab da ɗaukar azumi, suna cikin cin tuwo sai Shakir ya tsaya cak yana kallon wayarsa.

"Yaya Munzali, ajiye lomar nan ka ji. An sa hannu a gyaran tsarin mulki. Kalmomin nan da suka ce sai inda layin ƙasa bai kai ba, an cire su. Yanzu jiha za ta iya samar da wuta ta raba ta ko'ina a cikin iyakarta."

Munzali ya miƙe zumbur, gwiwarsa ta daki tebur, miya ta malale a kan farar jallabiyar Issoufou.

"Allahu Akbar! Sake karantawa, Ustaz! A'a, ba ni in gani da idona!" Ya karɓe wayar, ya karanta, ya juya ga mutanen da ke cin abinci. "Jama'a, an kori tarayya daga harkar wuta! Mun samu 'yanci! Garinmu zai yi haske!"

Mai gidan abincin ya fito daga kicin da ludayi a hannu yana tambaya ko wani ne ya haihu.

"Ala rislik, Yaya, bi a hankali," in ji Shakir yana dariya. "Ba a kori kowa ba. Babban layin da ya ratsa jihohi yana nan a hannun tarayya. Iyaka aka matsar, ba rushe ta aka yi ba. Kuma gyaran nan bai kunna ko ƙwan lantarki ɗaya ba. Sai majalisar jiharku ta zauna ta yi tata dokar, ta kafa masu sa ido, sannan a fara magana."

"To su zauna mana! Me suke jira?"

Issoufou yana goge miya da tsumma ya ce, "Ni dai kun ba ni mamaki. Mu a Nijar abin da Yamai ta faɗa shi ke nan. Ku kuwa gida ɗaya, masu gida talatin da wani abu, kowa da nasa makulli."

"Daɗin abin ke nan, abokina!" in ji Munzali. "In babban makulli ya ƙi buɗewa, sai a gwada ƙarami."

Tun daga ranar Shakir bai sake cin tuwo cikin kwanciyar hankali ba. Kowace Juma'a Munzali na zuwa da sabuwar tambaya. In dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, wace ce a sama? In gwamna ya ga dama ya ba abokinsa aikin, wa zai hana shi? Sau da yawa yakan fahimci abu a baibai, Shakir ya gyara masa, ya yi gardama, ya koma Sulay ya kwana da abin, wata Juma'ar ya dawo ya ce, "Ustaz, ka yi gaskiya." Abin da ya gane kuma sai ya naɗe shi da muryarsa cikin Hausa mai sauƙi, ya tura wa Raliya, ita kuma ta watsa a zauren wasaf na 'yan garinsu. Da farko shiru aka yi masa. Daga baya masu injinan casa suka fara aiko da tambaya, domin tsadar man dizal ta kai su bango.

Aka shekara ana haka, har rannan Raliya ta kira shi.

"Baban Hajar, majalisar jiha ta sa ranar jin ra'ayin jama'a kan dokar wuta. Ƙungiyar masu casa sun ce kai suke so ka yi magana da yawunsu. Ni zan je da waya in riƙe, a gan ka a ji ka."

"Ni? Mutanen garinmu ne suka ce ni?"

"Da bakinsu. Sun ce kai ne ba za ka ƙara gishiri ba."

Munzali ya zauna a bakin gado, ya jawo takarda ya fara rubuta abin da zai faɗa.

Ranar ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da doka ta hana aiki a fili da rana tsaka. Ma'aikata duk sun shige inuwa. Munzali kuwa ya kafe sai a kan rufi zai yi maganar, don 'yan majalisa su ga farantan da idonsu. Mudir ya kalle shi ya ce majnun, wato mahaukaci, amma ya ba shi mabuɗin tsani da sharaɗin kada ya daɗe. Issoufou ya bi shi da lema da gorar ruwa.

Waya ta haɗu. Ga zauren majalisa cike da mutane, ga fuskar Raliya a gefe tana raɗa masa cewa an kira sunansa. Munzali ya yi sallama, ya juya wayar ya nuna musu farantai baƙaƙe suna ƙyalli har ƙarshen rufi. Zauren ya ɗauki guna-guni. Ya buɗe baki zai fara bayani, sai fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Zafi ya kashe ta.

"Innalillahi! Issoufou, ta mutu!"

Suka sauko tsani kamar ana korarsu. Munzali ya ruga ɗakin hutu, ya buɗe firjin ma'aikata, ya tura wayar tsakanin robobin laban, wato kindirmo. 'Yan Bangaladash da 'yan Sudan da ke kishingiɗe suka tashi suna tambayar lafiya. Issoufou ya miƙo tasa tsohuwar wayar mai tsagaggen gilashi. Garin sauri Munzali ya kuskure lambar matarsa, ya kira wani mai sayar da taya a Kano. A karo na biyu Raliya ta ɗauka.

"Yi sauri, shugaban kwamiti ya ce a ba ka dama, amma ana jira!"

A tsaye a gaban firji, gumi na zuba, ma'aikata sun kewaye shi ba su san me yake faɗa ba, Munzali ya yi maganarsa. Ya faɗi yadda injinan casa ke tsayawa ana tsakar kaka, da abin da rufi ɗaya irin wanda suka gani zai iya yi. Ya roƙi a sa a cikin dokar cewa ƙungiyar gari ma za ta iya neman izini, ba sai manyan kamfanoni kaɗai ba. Sai wani ɗan majalisa ya karɓi lasifika.

"Malam Munzali, wato kana goyon bayan mu ce tarayya ta cire hannunta gaba ɗaya daga jiharmu?"

Munzali ya ji zauren ya fara tafi tun kafin ya amsa. Ya san in ya ce e, tafin zai ƙaru.

"Ranka ya daɗe, da farko ni ma haka na zata, har na yi ta shela. Wani ɗalibi a nan ya fahimtar da ni ba haka ba ne. Babban layi nasu ne, mu bar musu, kuma muna buƙatarsa. Na cikin gida shi ne namu. Su tsaya a nasu, mu tsaya a namu. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada mu karɓo ikon daga Abuja mu kulle shi a babban birnin jiha, ƙauye ya ci gaba da jira."

Shugaban kwamitin ya yi dariya ya ce a rubuta wannan. Da aka katse, ɗakin hutu ya kaure da mabruk, mabruk, wato barka, wani ɗan Sudan ya rungume shi yana zaton zaɓe ya ci.

Bayan wasu watanni majalisar ta zartar da dokar, da sashen da ya ba ƙungiyoyin gari dama, ko da yake an ɗaure shi da sharuɗɗan da Munzali ke ganin sun yi yawa. Masu casa sun shigar da takardunsu, ana ta kai da komo. Munzali kuma ya gaya wa mudir cewa in kwantiraginsa ya ƙare ba zai sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba. Mudir ya yi lallashi, ya yi fushi, daga ƙarshe ya ba shi tsofaffin kayan gwaji na kamfanin kyauta, ya ce in an kunna wutar garinsu a turo masa hoto.

Kafin lokacin tafiyar ya yi, Shakir ya yi kuskuren gaya masa cewa gyaran tsarin mulkin ya shafi jirgin ƙasa ma, jihohi za su iya shimfiɗa nasu layin dogo. A Juma'ar da ta wuce an ga Munzali a Al-Oud ya ture kwanuka gefe, ya jera cokula a kan tebur daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana nuna wa wasu direbobi biyu 'yan Sakkwato inda jirgin shinkafa zai tsaya ya ɗauki kaya.