Direba Mai Yatsa Huɗu a Hanyar Argungu

Shekarun baya, lokacin da talabijin ya fara shigowa Birnin Kebbi, gida ɗaya ne ke da shi a unguwarmu, gidan wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato. Ita ce ke ara mini littattafan wani ɗan sandan ciki mai farautar masu kisa. Na karanta biyar, ko gezau ban taɓa yi ba, har ina cika baki.

Ran nan ta aiko a kira ni, wai an mai da littafi na uku fim. A littafin, mai kisan akawu ne mai fara'a. A fim kuwa sai suka mai da shi direba mai yatsa huɗu a hannun dama, yana ɗaukar mata ya ratse da su daji. Na ce mata, "Ai ba haka yake ba!" Ta ce in yi shiru in kalla. Ana gab da kama shi aka ɗauke wuta.

Washegari mahaifiyata ta aike ni Argungu wurin kakata. Na shiga motar haya, fasinjoji suka yi ta sauka a ƙauyuka har na rage ni kaɗai. Sai idona ya sauka kan sitiyari. Na ƙirga yatsun direban sau uku. Huɗu ne.

Ina cikin karanto duk addu'ar da na iya, ya saki titi ya gangara fadama, ya tsaya inda babu kowa, ya laluba ƙarƙashin kujera ya zaro wuƙa.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofa ba. Na faɗa gonar shinkafa, laka har gwiwa, ina ihu, ƙafa ta ƙi fita.

Ya biyo ni, wuƙar na hannunsa. "Subhanallahi! Ɗiyata, mi ya same ki? Maciji ne?"

Ashe buhunan albasarsa zai ɗauka, wuƙar ta yanka igiya ce. Da na faɗa masa dalili, bai yi dariya ba. Ya dubi hannunsa ya ce, "Wanga? Igiyar tarun kamun kifi ta cire shi ina yaro." Ya jawo ni, ya kai ni har ƙofar kakata, takalmina ɗaya ya zauna a fadama.

Har yau in na tuna, ƙirjina na bugawa, amma kunya ta fi yawa. Mugun da ke littafi a cikin kaina yake zaune. Na fim kuwa kamannin mutane ya aro, ni kuma na ɗora wa bawan Allah laifin da bai san da shi ba. Ko haƙuri ban ba shi ba.